Hannun Suhaibu

Ranar Talata da la'asar aka kawo ƙanena Suhaibu ƙofar gidanmu, mutum biyu riƙe da wuyan rigarsa, yara da manya na biye da su. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo na ji hayaniya ta cika layi. Na zura hijabi na leƙa ta zaure.

Kailani ne a gaba, shugaban 'yan sintirin unguwarmu, da gora a kafaɗa. A ɗaya hannun yana riƙe da wata gajeriyar wuƙa mai lanƙwasasshen baki. Na san wuƙar nan. Duk gidanmu babu wanda bai san ta ba. Da ita Suhaibu yake yanka fata da roba a shagon Malam Nagoda da ke Kwangila, inda yake koyon ɗinkin takalma idan an tashi daga makaranta. Babanmu da kansa ya kai shi wurin.

Sai dai a wannan makon wuƙa ba abin wasa ba ce a Tudun Wada. Ranar Alhamis da ta wuce da yamma aka soki Yusha'u, wani matashi mai tuƙa keke mai ƙafa uku, a bayan layinmu, aka tafi da wayarsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Washegari da aka sauko daga Juma'a aka yi taro a ƙofar masallaci. Babanmu, Malam Labaran, shi ne sakataren kwamitin tsaro, shi ya miƙe ya karanta sabuwar doka: duk yaron da aka kama da makami, a hannun 'yan sintiri zai kwana. Da ya gama karantawa sai ya ƙara da nasa. Ya ce, "Ko ɗan cikina ne, wallahi da hannuna zan miƙa shi." Aka yi kabbara. Da ya dawo gida sau biyu yana ba Umma labarin kabbarar nan.

To, ga shi yau a bakin zaure, da buta a hannu, ga ɗan cikin nasa a gabansa.

Kailani ya ɗan rusuna ya ce, "Sakatare, a bakin kasuwa yarana suka tare shi, ga abin da aka samu a jakarsa. Da na ga naka ne na ce a'a, a fara kawo shi gida. In ka ce a sake shi, yanzu a sake shi."

Suhaibu ya ce, "Baba, ƙotar ce ta saki. Malam ya ce in biya wurin maƙeri a gyara, gobe in mayar. Baba, ai ka san ta."

Shekararsa goma sha shida, amma ya fi Baba tsawo. Ya tara suma, yana sa wando mai matse ƙafa irin na sa'o'insa, kuma kullum jikinsa warin gam yake yi saboda aikin takalma. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ku ji warin sholisho a jikinsa!" Wani ya ce, "Dubi kan nan nasa." Sai kuma wata murya da ban gane mai ita ba ta ce, "To, yau za mu gani. Dama dokar ta 'ya'yan wasu ce."

Baba bai dubi Suhaibu ba. Jama'a ya duba, fuska bayan fuska. Sannan ya ajiye butar.

Ya ce, "Ni ban aike shi da wuƙa ba. Ku tafi da shi. Abin da za ku yi wa ɗan kowa, ku yi masa."

Suhaibu bai yi gardama ba. Har suka sha kwana yana waiwaye, kamar mai jiran a ce wasa ne.

Umma ta tari Baba a tsakar gida, muciya a hannunta. Ta ce, "Malam, yaron nan da ka sani? Takalmin da ke ƙafarka wa ya ɗinka shi?"

Ya ce, "Ishatu, ki rufe min baki. Rantsuwa na yi a gaban jama'a. So kike a ce Labaran maƙaryaci ne? Tsorata shi kawai za su yi, gobe ya dawo. Kuma ke ma kin san yaron nan ya fara taurin kai. Sau nawa na ce ya aske sumar nan?"

Ba a kira magariba ba wata ƙawata ta turo min bidiyo, ta rubuta a ƙasa, "Bahijja, wannan ba ƙanenki ba ne?" An zaunar da shi a ƙasa, an kwashe masa rabin suma da reza, jini na bin bayan kunnensa. An rataya masa kwali a wuya, an rubuta ƊAN SHARA da manyan baƙaƙe, wato ɗan daba. Wuƙar na kan cinyarsa. Wani yana tambaya, "Su wane ne abokanka?" Yana cewa ba shi da kowa. Aka ce, "Da wane hannu kake sara?" Aka kamo hannun damansa aka shimfiɗa a kan benci, mutum biyu suka danne, na uku ya ɗaga gora. A duka na uku na kife wayar, amma sautin bai tsaya ba. Ihu yake yi yana kiran Baba.

Umma ta karɓi wayar ta kalla har ƙarshe. Daga nan ta shiga banɗaki, na ji tana amai.

Da Baba ya dawo daga masallaci na miƙa masa. Ya kalli kaɗan ya mayar min. Ya ce, "Sun ɗan zarce. Zan yi wa Kailani magana." Ya wanke hannu ya ci tuwonsa. Ban ce ya ci da daɗi ba, amma ya ci.

Washegari da hantsi aka dawo da shi a bayan babur. Hannun ya kumbura har ba a gane inda yatsu suka fara. Umma ta ɗauko mayafi ta ce asibiti.

Baba ya ce, "Asibiti a ce me? Su tambayi wanda ya yi, su rubuta, su kira 'yan sanda, a kama su Kailani, a rushe kwamitin da muka sha wuya muka kafa? Gobe in aka soki wani a layin nan, ke za ki fita tsaro?"

Mai ɗori aka kira. Ya zo da 'yan sandunansa da tsumma, ya ja, ya matsa, Suhaibu ya suma, aka yayyafa masa ruwa. Ya ɗaure hannun tamau tun daga yatsu har kusa da gwiwar hannu, ya ce kada wanda ya kwance sai an yi mako biyu. Da ya tafi Baba ya sa aka shimfiɗa wa Suhaibu tabarma a ɗan shagon da ke jikin zaure, ya sayo kwaɗo ya datse. Ya ce don kare shi ya yi, tunda gari ya ga fuskarsa, wani zai iya shigowa ya far masa. In zai tafi ofis sai ya bar wa Umma makulli saboda abinci da kewayawa, da sharaɗin ko bakin zaure kada ya leƙa.

Ranar Alhamis Malam Nagoda ya zo. Dattijo ne, tun daga Kwangila ya hau acaɓa. Ni na kai musu ruwa zaure, na laɓe a bayan ƙofa.

Ya ce, "Malam Labaran, wuƙata ce. Ni na aike shi. Sai jiya jikana ya nuna min abin a waya, ban runtsa ba. Gobe Juma'a, zan zo masallacinku in miƙe in faɗa wa jama'a."

Baba ya ce, "Malam, in ka yi haka ka kashe ni. Za a ce na san gaskiya na miƙa ɗana, ko kuma a ce na sayo ka ne ka wanke shi. Ta ko'ina ni ne a ƙasa. Ka bari ƙura ta lafa. Yaro ne, zai warke, mutane za su manta."

"To shi fa yaron?"

"Ɗana ne, Malam. Na fi kowa son sa."

Malam Nagoda ya daɗe yana jujjuya kofin ruwa. Da zai tashi ya ce a gai da Suhaibu, kuma ko ya warke ya ɗan dakata da zuwa shago, don masu kawo aiki sun fara tambaya ko nan ne yaron bidiyon nan yake. Shagon da Suhaibu ke kwance bango ɗaya ne tsakaninsa da zaure. Ya ji komai. Malam Nagoda bai nemi a buɗe ya gan shi ba.

Ranar Juma'a takarda ta zo daga makarantarsu, wai iyayen yara sun yi ƙorafi, ya zauna a gida sai an neme shi. Mata kuma suka yi ta shigowa yi wa Umma jaje, kamar an yi mutuwa. Kowace da irin tata. Wata ta ce ita dama tun da ta ga ya daina ɗaga kai in yana gaisuwa ta san akwai abin da yake sha. Wata ta ce 'ya'yan yanzu ba a shaidarsu, kana tare da yaro a gida ashe da rai a wuyansa. Wata ta ce Umma ta gode wa Allah da ya ba ta miji tsayayye. Umma tana zaune tana cewa, "Haka ne. Allah ya shirya mana." In sun fita ta kife kai a gwiwa. Na ce, "Umma, me ya sa ba za ki faɗa musu ba?" Ta ce, "In ƙaryata babanku a bakin matan unguwa? Ke yarinya ce, Bahijja."

Ranar Asabar da safe, Baba na gida, wata mata ta yi sallama a zaure. Siririya ce, idanunta sun kumbura. Sai da ta faɗi sunanta na gane ta: Kulu, mahaifiyar Yusha'u.

Ta ce, "An ce min a nan yaron yake. Ba faɗa na zo yi ba. Fuskarsa kawai nake so in gani."

Kalma ɗaya ta ishi Baba a wurin nan. Yammacin da aka soki Yusha'u, Baba da Suhaibu suna Gyallesu wurin duba Baffanmu da ba shi da lafiya, a bayan babur ɗinsa ya goyo shi suka dawo bayan magariba. Ina kallon bakinsa ina jira. Sai ya laluba aljihu ya ciro makulli.

Suhaibu na kwance, ya yunƙura ya zauna, yana tallafe da hannun. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

Ta ce, "Kai ne? Da ka ce ya ba ka wayar, ai da ya ba ka. Yusha'u ko kaza ba ya iya yankawa."

Ya ce, "Inna, wallahi ni ban..."

"Kada ka ce min Inna. Mai ce min Inna yana cikin ƙasa." Ta tofar da yawu a kan tabarmarsa. "Allah ya isa tsakanina da kai. Yadda ka hana ni barci, Allah ya hana ka."

Na ce, "Baba, ai ranar kuna Gyallesu tare!"

Ya juyo ya daka min tsawa. "Shige ciki! Da ke ake magana?" Sannan ya sassauta murya ya ce mata, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Kin ga dai ban ɓoye shi ba."

Da ta tafi Umma ta fito tana kuka ta ce, "Malam, har da kisan kai?" Ya ce, "Matar da ɗanta ya mutu, gardama zan tsaya yi da ita? Kuma kin ji na ce shi ya yi? Ban taɓa cewa shi ya yi ba." Wannan maganar ita ya riƙe daga ranar. Kuma gaskiya ne, bai taɓa cewa ba. Bai dai taɓa cewa ba shi ba ne.

Tun daga ranar Suhaibu ya daina magana. In na kai masa abinci sai ya juya wa bango fuska. Da hagu yake ɗan tsakurar tuwo, rabi ya zube. Zazzaɓi ya kama shi. Aka faɗa wa Baba, ya aika kemis aka sayo ƙwayoyi, ya ce mai ɗori ya ce dama haka ƙashi yake yi in zai haɗe.

Sai wari ya fara. Da fari na ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan buhunan da ke shagon. Na share, na duba, ban ga komai ba. Ƙudaje suka yi ta bin tsumman ɗorin. Umma ta kawo kasko ta zuba turaren wuta a bakin ƙofa, don kada masu zuwa wurin Baba zaure su ji.

A kwana na tara, bayan Baba ya tafi ofis, na shiga da koko. Suhaibu ya dube ni, idanunsa sun faɗa, sai ya yi murmushi. Ya ce, "Yaya, na samu sauƙi. Ya daina ciwo." Na matsa na duba kan yatsun da suka leƙo daga tsumma. Sun yi baƙi ƙirin. Na taɓa ɗaya, sanyi ƙalau. Na ce, "Ka ji na taɓa ka?" Ya ce, "Ina?"

Ban ko nemi takalmi ba na faɗa gidan maƙwabtanmu. Matar gidan, Anti Edith, ma'aikaciyar jinya ce, ranar ta dawo daga aiki ke nan ko kaya ba ta cire ba. Sau biyu a makon ta aiko tana tambayar jikinsa ana ce mata da sauƙi. Ta biyo ni da almakashi. Da ta yanke tsumman ta ɗaga sandunan, sai da Umma ta ja da baya ta dafa bango. Ba zan faɗi abin da na gani ba.

Anti Edith ta ce, "Ishatu, kwana nawa?"

"Tara."

"Ya Ubangiji! Ina nan bango ɗaya da ku? Ɗauko mayafinki, yanzu yanzu."

Umma ta ce, "Malam bai ba da izini ba. Bari in kira shi." Ta kira sau uku bai ɗaga ba.

Anti Edith ta ce, "To zauna ki jira izini. Ni na tafi da shi. In ya dawo ki ce Edith ce ta sace shi."

Muka tallafo shi ni da ita. Umma ta rako mu har bakin zaure, ƙafa ɗaya a waje, sai ta tsaya. Tana nan tsaye da waya a kunne har muka fita layi.

A bakin titi mai keken farko ya tsaya, ya leƙo ya ga kan da aka aske rabi, ya ce, "Wannan ba shi ne na bidiyon nan ba? Wanda ya kashe ɗan uwanmu? Ko gawarsa ba zan ɗauka ba." Ya ja kekensa. Na biyu ko tsayawa bai yi ba, hannu kawai ya watsa mana. Suhaibu na jingine a kafaɗata, jikinsa kamar garwashi. Na cire ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabina na rufa masa a ka. Na uku ya ɗauke mu, ya ɗauka mace ce ba ta da lafiya.

A asibiti likita bai daɗe yana dubawa ba. Ya ce hannun ya mutu, in ba a cire shi yau ba gubar za ta shiga jini. Ya ce da an kawo shi a kwana na farko ko na biyu, gyaran ƙashi ne kawai. Ya ce sai mahaifi ya sa hannu.

Baba ya iso da azahar, da babbar rigarsa ta ofis. Likita ya ce, "Malam, me ya sami yaron nan? Kuma me ya sa aka bar shi haka?"

Baba ya gyara hula. Ya ce, "Faɗa suka yi da abokansa, likita. Ka san yaran yanzu. Ɓoye mana ya yi, sai da abu ya lalace muka sani."

Suhaibu na kwance a kan gadon da ake turawa, tsakaninsa da Baba bai fi taku biyu ba. Idonsa biyu.

Anti Edith ta ce, "Malam Labaran, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Madam, na gode da taimako. Amma maganar gidana ce."

Likita ya dube ni. Na san ni yake jira. Ina da bidiyon a wayata, a cikin jakar da ke rataye a kafaɗata. Baba ma ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ina ba da labarin nan ina faɗin laifin kowa, to ga nawa. Likita ya miƙa takarda, Baba ya zaro biro daga aljihun gaba ya sa hannu, aka tura Suhaibu ciki. Daga ɗan ƙasan gwiwar hannu aka yanke.

Yana asibiti 'yan sanda suka kama waɗanda suka kashe Yusha'u, ta hanyar wayar da suka sayar. Mutum biyu ne, ba 'yan unguwarmu ba. Ƙaramin cikinsu ya haura talatin, babban har da furfura da 'ya'ya. Na ɗauka gari zai girgiza. Aka yi maganar kwana biyu a wurin mai shayi, aka ce Allah ya ƙara tona asirinsu, shi ke nan. Ba wanda ya turo min bidiyon wannan. Kulu ba ta dawo ba, ban kuma riƙe ta a zuciya ba, abin da aka nuna mata ta gani. Makaranta ba ta aiko ba. Matan da suka zo jaje ba su zo ban haƙuri ba.

Kailani ne kawai ya zo, bayan an sallamo Suhaibu, da ledar lemo. A zaure ya tsaya. Ya ce, "Sakatare, aikin tsaro sai da kuskure. Yara ne suka yi zafin hannu." Baba ya ce, "Haba Kailani, babu komai. Ƙaddara ce, an rubuta. Mun yafe." Ba a tambayi mai hannun ba. Lemon kuwa Umma ta ɓare ta kai masa, ya kalla ya kalle ta, ta ɗauke.

A unguwa sai labari ya sake kama wata hanya. Wai a faɗan daba aka sare masa hannu. Wasu suka ce alhakin Yusha'u ne, ko ba shi ya soka ba ai yana cikinsu. Wani ya ce in ba shi da laifi me ya sa ubansa ya miƙa shi? Wannan tambayar ita ta fi kowace ƙarfi, don ba mai amsa ta sai mutum ɗaya, shi kuma ya yi shiru.

Bayan wata uku shugaban kwamiti ya yi murabus saboda tsufa, aka zaɓi Baba babu hamayya. Liman ya ce irin su Malam Labaran ake nema, mutumin da bai san ɗa ba a kan gaskiya.

Wata Lahadi da hantsi aka yi mana baƙi, mutum huɗu daga wata unguwa, sun zo koyon yadda aka tsara tsaro a namu layin. Aka shimfiɗa darduma a zaure, na kai lemo da ruwa. Babbansu, wani Alhaji mai farin gemu, ya ce, "Malam Labaran, mun ji labarin abin da ka yi. An ce yaron ya shiryu yanzu. Kira min shi in sa masa albarka."

Baba ya ce wai yana barci. Alhaji ya ce a tashe shi, albarka ba ta jira. Dole Baba ya ƙwala masa kira.

Suhaibu ya fito da doguwar riga, hannun rigar na dama yana reto. Ya durƙusa ya gaishe su. Alhaji ya miƙa masa hannu. Suhaibu ya miƙa hagu.

Alhaji ya janye nasa, ya dubi abokan tafiyarsa. Ya ce, "Kun gani ko? Abin da nake faɗa muku ke nan. Yaran zamani. Babba ya miƙo maka hannu ka ba shi hagu? Ashe da sauran gyara."

Suhaibu ya sa haƙori ya kama bakin hannun rigar, ya ja shi sama da hagunsa a hankali har dungun ya fito, da tabon ɗinki a bakinsa. Ya miƙa wa Alhaji shi.

Alhaji ya ce, "Subhanallahi! Garin yaya?"

Suhaibu bai dube shi ba. Sai ya zuba wa Baba ido. Wata uku ban ji ya haɗa kalma biyar a jere ba, amma ranar muryarsa ko rawa ba ta yi. Ya ce, "Baba, Alhaji na tambaya. Ka faɗa masa garin yaya."

Ina tsaye a bayan ƙofa da faranti. Baba ya kalli darduma. Ya kalli baƙi. Leɓensa ya motsa, na rantse na ɗauka yau zai faɗa.

Ya ce, "Abokan banza, Alhaji. Allah dai ya shirya mana zuri'a."

Suka ce amin, su huɗu, har da shafa fuska. Alhaji ya dafa kan Suhaibu ya yi masa nasiha mai tsawo a kan bin iyaye, ya ce ya gode wa Allah da hannu kawai ya rasa, ya kuma gode wa mahaifinsa da ya tsamo shi tun da wuri. Suhaibu ya saurara har ƙarshe. Sannan ya saki hannun rigar ya rufe dungun, ya tashi ya koma ciki. Daga ranar bai ƙara cewa Baba ba. In dole ta kama sai ya ce "mai gidan nan".

Yanzu shekara guda ke nan. Baba na nan da shugabancinsa, ana gayyatarsa taro yana jawabi a kan tarbiyya. Umma na nan, ta rame, tana yawan azumi. 'Yan sintiri na nan, an ma saya musu sababbin riguna. Bidiyon na nan yana yawo, kwanan baya wata 'yar ajinmu da ke Kaduna ta turo min shi, ba ta san ƙanena ba ne, ta rubuta, "Ki ga irin yaran garinku."

Suhaibu ya koyi ɗaura maɓalli da hagu, ya koyi rubuta sunansa. Allura da zare ne ba su koyuwa da hannu ɗaya. Ba ya fita sai in Umma ta aike shi, shi ma sai ta rasa wanda za ta aika. Jiya na bi bayansa zuwa bakin titi sayen gawayi. Wasu mata biyu na tafe a gabanmu, ɗaya na magana a waya. Da ta waiwayo ta gan shi, sai ta katse maganar, ta tura wayar cikin hijabi, ta ja 'yar uwarta suka tsallaka kwata suka koma ɗaya gefen. Suhaibu ya gan su. Ya matsa jikin bango ya ba su hanya, ya tsaya har suka yi nisa, don kada su tsorata.